Kwando na Uku

Shekarar da na kammala jami'a, na gwada wani irin yis, dangin na burodi, mai hana ruɓa a kan mangwaron gonarmu ta Surko. Na tsoma kwando biyu cikin ruwansa, na ware na uku, domin sai da shi zan gane ko yis ɗin ya yi aiki.

Bayan kwana biyar babu wanda ya ruɓe, har na ukun. Hankalina ya tashi, na tambayi kakata.

Ta ce, "Ni na yayyafa masa ragowar, maigida. Bishiya ɗaya ta haife su, ka yi wa wasu magani ka bar wasu?"

Dole na rubuta cewa ban tabbatar da komai ba. Mangwaron kuwa, tare muka shanye shi.