Kwamandan Sama da Tsuntsayen Jan-baki

A shekarun da nake koyarwa a Talata Mafara ne mijin yayata ya zama gawurtaccen matuƙin jirgin yaƙi, ba tare da ya taɓa taka filin jirgi ba. Alhaji muke ce masa, amma sunan kakansa ya ci, bai je Makka ba tukuna. Abu mafi tsawo da ya taɓa hawa a duniya shi ne saman tirelar shinkafa. Mutumin Maradun ne, yana da gona mai kyau a filin noman rani na Bakolori, inda ruwan dam ke biyo kanal ya shiga har ƙofar fadamar mutum.

Wani abokina, likitan dabbobi a Bakura, shi ya kawo mana wasan bayan ya dawo daga wani kwas. Za ka zauna gaban kwamfuta, ka shiga intanet, ka zaɓi tsohon jirgi irin na Yaƙin Duniya na Biyu, mai farfela a hanci. Sai a haɗa ka da mutanen wasu ƙasashe da ba ka sani ba, a raba ku gida biyu, ku yi ta harbin juna a sama. Ranar Talata, in kasuwa ta fara watsewa bayan la'asar, mukan hallara a ɗakina, mu tada ƙaramin janareto, don ruwa kam dam ya wadata mu da shi, amma wutar lantarki baƙuwa ce, ba ta sanar da zuwanta balle tafiyarta.

Ran da Alhaji ya fara leƙo mu, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Manya da ku, kuna wasan ɗiya?" Likita ya miƙa masa kujera ya ce ya gwada sau ɗaya. Jirgin bai ko bar ƙasa ba ya kai shi ya rungumi wata bishiya. Kafin wata ya zagayo ya sayi kwamfutarsa, ya aika Kano an kawo masa sandar tuƙi da abin sawa a kunne, ya kuma naɗa kansa kwamandan rundunarmu. Ba mu yi gardama ba, tunda shi ke zuba man janareto.

Rundunar ta yi suna ƙwarai, a tsakaninmu mu uku. Sauran ranakun mako kowa daga garinsa yake shiga, kuma sabis ɗin gidan Alhaji a Maradun yana da lokutan hutunsa. Sai ka ga jirgin kwamanda ya tsaya cak a tsakiyar sama kamar an rataye shi da igiya. In sabis ya dawo, sai a tarar da shi ƙasa yana cin wuta. Alhaji ya ce wannan dabara ce, yana janye hankalin abokan gaba ne don mu samu sarari. Sararin da muke samu kuwa na biyo shi ƙasa ne, ni da Likita. Akwai ranar da ya kakkaɓo jirgi ɗaya, ya kira ni a waya yana ta murna. Ban ga amfanin gaya masa cewa jirgin Likita ne ba.

Ana haka shinkafa ta fara ɗaukar nono, tsuntsayen jan-baki suka sauka. Wanda bai taɓa ganinsu ba zai ɗauka hayaƙi ne ya taso daga bakin dam. Manoma suka ɗaure igiyoyi da gwangwanaye, suna kwana da shirin fita, suna wuni suna ihu da majajjawa. Yayata ta sami Alhaji a zaure, abin kunne a kai, ta ce, "Malam, tsuntsu ya sauka gona. Maƙwabtanka duk suna can."

Ya ɗaga mata hannu ya ce, "Bari in ƙare wanga yaƙi. Kin san in ni fita, yaran nan ba su iya komi."

Yaran nan mu ne, ni da Likita, kowanenmu da iyalinsa. Tsuntsayen kuwa, da suka ga ko'ina ana korarsu ban da wuri ɗaya, sai suka fahimci gayyata ce, suka amsa.

Da abin ya yi yawa aka ce za a turo jirgin feshi ya bi maƙwancin tsuntsayen. Wannan labari shi ya fitar da Alhaji daga zaure. Ya kira ni ya ce in zo mu je, don ya kamata a samu wanda ya san aikin a wurin. Muka hau babur ɗina gab da faɗuwar rana. Ya sha babbar riga fara, ya hau gaɓar kanal, manoma suka kewaye shi, yawancinsu muryoyinsu sun dushe don kora.

Jirgin ya ɓullo daga nesa, ƙarami, da farfela ɗaya a hanci. Alhaji ya kaɗa kai cikin tausayi. Ya bayyana wa jama'a cewa matuƙin ya yi kuskure tun daga farko, ya kamata ya sa rana a bayansa, ya hau sama sosai sannan ya faɗo wa abokan gaba. Wani dattijo maƙwabcin gonarsa ya ce, "Ashe Alhaji ka taɓa tuƙa irinai?"

"Wanda ya fi shi ma," in ji Alhaji. "Wanga ko bindiga bai da."

Sai jirgin ya karkata ya nufo inda muke, ya yi ƙasa ƙasa har muna hango kan matuƙin. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kowa ya duƙa ya dafe hularsa. Da na ɗago, babu kwamanda a gaɓa. Yana cikin kanal, ruwa iya ƙirji, babbar riga ta buɗe a kansa kamar laima, hula ta kama hanyar Bakura.

Mutum biyu suka jawo shi. Ba wanda ya yi dariya, don mutanenmu suna da ladabi, sukan bari sai sun isa gida. Dattijon nan ya matse masa gefen riga, ya tambaya a natse, "Alhaji, ita ma wagga dabarar yaƙi ta?"

Alhaji ya tofar da ruwa ya ce, "Yaron bai san aikinai ba. Ba a yin ƙasa haka bisa kan jama'a."

A hanyar komawa yana bayana yana ɗigar ruwa, har muka kusa gari. Sannan ya ce, "Kada ka hwaɗa ma yayarka." Na ce ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Labarin ya riga mu isa gida, ta tarbe shi da busasshiyar riga da gaisuwa mai tsawo, tana tambayar yadda aka baro fagen fama.

Abin da ya girbe a wannan shekara bai isa a yi hayar mota ba, a amalanke aka kawo shi. Sai da 'yan'uwansa suka taimaka masa da iri. Da shinkafa ta sake nuna, shi ne na farkon fita da gwangwani, kuma an ce ba wanda ya kai shi ihu. Likita aka yi masa canjin wurin aiki, ni kuma kwamfutata ta mutu ban gyara ba. Alhaji ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, daga baya ya ce turawan ba su da tarbiyya, ba sa jiran mutum ya daidaita kafin su harbe shi, ya naɗe sandar tuƙin a tsumma ya sa ƙarƙashin gado.