Ƙafar da na rufe shuka da ita

Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ce, wadda ta ɗauke mahaifinmu. Gidan ya koma hannun wana, ni kuwa ina saurayi, gemu bai ko fito ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar jigawa ce, rairayi zalla. Idan ruwan shuka ya sauka, kwana biyu kawai laima take yi, a na uku sai ka tona ka ga ƙura.

Dami ɗaya na iri ya rage mana a rumbu. Mun ci tafasa, mun ci dusa, ba mu taɓa shi ba. Da ruwa ya sauka da asuba, wana ya ce in hau in sauko da shi. Tsanin itace ne da aka sassaƙa wa matakai, ya sha ruwa, ni kuma ina rawar jiki. Na fito da damin a kafaɗa, na sa ƙafa, santsi ya kwashe ni. Ban saki damin ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan, da na sake shi da na dafa ƙasa da hannu. Sai na dira da ƙafar dama, na ji ƙas a idon sawu.

Abin da wana ya fara dubawa damin ne.

Inna ta zo ta taɓa wurin, na yi ƙara. Ta ce masa, "A kai yaron nan wurin maɗori, wannan ba targaɗe ba ne."

Ya ce, "Inna, maɗorin ma yana gonarsa yau. Wa zai bar laima ya zauna taɓa ƙafa? Ki ɗaure masa."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi ciwo. Garin kaf ya watse gona. Shuka kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, ɗaya yana bi da ƙoƙon iri, ya zuba, ya rufe da diddige. Idan ba a rufe ba, zabi da kurciyoyi su yi biki. Matar wana tana da tsohon ciki, Inna ba ta gani sosai. Saura ni.

Inna ta shafa man shanu, ta naɗe da tsumma. Na yi ƙoƙarin tsayawa a kan mai ciwon in rufe da ta hagu, ta ƙi ɗaukata. Sai na tsaya a kan ta hagu, na riƙa jan ƙasa da karyayyar. Kowane rami sai na ciji leɓe. Kwana biyu muka yi a babbar gonar mahaifinmu, ta yamma da gari, wana yana gaba bai waiwayo ba sai idan na yi nisa a baya. Ran da muka gama, ƙafar ta kumbura ta yi kamar tulu, yatsun sun yi baƙi.

Sai a kwana na tara aka ɗora ni a jakin maƙwabci zuwa wurin wani tsohon maɗori a wajen Gumel. Ya lallatsa, ya girgiza kai. Ya ce ƙashi ya fara kamawa a karkace, sai an sake karya shi a ɗora da kara, in kwanta kwana arba'in ban taka ba.

Wana ya ce, "Baba, kwana arba'in? Ciyawa ta taso. A bari mu yi noman farko."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, ƙashi ba ya jira."

Na so in yi magana, amma a lokacinmu ƙane ba ya musu da wansa a gaban baƙo. Muka dawo. Aka yi noman farko, ina jan ƙafa a kunya. Aka ce a bari sai an yi maimai. Aka yi maimai, aka ce ai girbi ya kusa. Gero ya yi kyau a shekarar, ban taɓa ganin zangarniya irin tasa ba, rumbu ya cika har muka yi na kara a gefe. Da kaka na koma wurin tsohon ni kaɗai. Bai ma daɗe yana dubawa ba, ya ce in yi haƙuri, yanzu sai dai sanda.

Sa'o'ina suka shiga kai gyaɗa Kano da jakuna, suna dawowa da labarin jirgin ƙasa. Ni ina gindin bango ina saƙar zana. Wana kuma ya sami labarin faɗa a dandali: ƙanensa jarumi ne, da karyayyar ƙafa ya shuke gona. Mutane su jinjina, ya yi murmushi. Bai taɓa kawo zancen maɗori a cikin labarin ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwar Inna muka raba gandu. Dattawa suka zauna, wana ya yi gyaran murya. Ya ce shi zai riƙe gonar yamma, ni a ba ni 'yar ta bayan gida, wadda awaki suke shiga.

Ya ce, "Don tausayinka na yi. Ta yamma ta yi maka nisa da wannan ƙafar."

Dattawan suka ce Allah ya yi masa albarka.