Sista Harira da Ƙahon Mahaifinta

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin masu ciwon zuciya a zamanin Sista Harira, labarin hannunta zai fara ba ka. Gajeruwa ce, baƙa, mai kaurin damtse, haifaffiyar Unguwar Shanu. Tun tana firamare take jibgar maza a layin famfo, girma kuwa bai rage mata komai ba. Shekara goma sha tara tana aikin jinya. In zuciyar majinyaci ta tsaya ita ake ƙwala wa kira, ta haye gado ta yi ta danna ƙirji har ka ji haƙarƙari ya ce ƙas, ko ɗago kai ba ta yi. Da yawa sun farfaɗo, suka yi wata guda suna tsine mata duk sanda tari ya kama su. Ta taɓa sharara wa wani ƙaton ɗan kasuwa mari, don ta kama shi yana ɗura wa uwarsa romo mai gishiri a ɓoye. Aka ba ta takardar gargaɗi, ta ninke ta cusa a jaka. Masifaffiya ce, ba na musu, amma ni dai a haka nake sonta.

Mahaifinta, Malam Abdurrahim, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. An yi masa aiki a zuciya aka sa masa wani ɗan ƙarfe, aka ɗora shi a kan ƙwayar da ke hana jini daskarewa har iyakar ransa. Ranar da aka sallamo shi, Harira ta tara gidan kaf ta yi musu dalla-dalla. Jinin Baba yanzu ya tsinke. Kada aska ta taɓa shi, kada ya faɗi, kada ya bugu. In jini ya ɓalle, a waje ne ko a ciki, da ƙyar zai tsaya.

Yayanta Sharhabil yana wurin, ya kuma gyaɗa kai. Amma bayan wata bakwai tsohon ya kwana uku yana kukan ƙeyarsa ta yi nauyi, a gidansu kuwa tun kaka da kakanni nauyin ƙeya mataccen jini ne, maganinsa ƙaho. Sharhabil ba mugu ba ne, tausayin ubansa ne ya ishe shi. Ranar Asabar da hantsi, da ya tabbatar Harira tana wurin aiki, ya hau babur ya ɗauko Audi wanzami daga unguwar Kinkinau. Matar Sharhabil ce ta ga abin ya fi ƙarfin ido, ta laɓe a kicin ta buga wa Harira waya.

Da fararen kayan aiki ta faɗo gidan, ko sallama babu. Tsohon yana zaune a kan kifaffen turmi a tsakar gida, ba riga. Ƙaho biyu na manne a bayansa, an cire biyu, jini na bin tsagar yana gangarowa har ya jiƙa wando ya taru a siminti. Audi yana goga tsumma, yana cewa, "Yanzu zai tsaya, ai mugun ne yake fita."

Ƙafa ta fara sa wa zabirarsa, asake suka watse. Ta shaƙo wuyan rigarsa ta buga shi da bango, ta ƙara masa naushi a baki. Dattijo ne fa, sa'an ubanta, amma idonta ya rufe.

"Harira, kina hauka ne? A gaban Baba?" in ji Sharhabil. Ya fizgo ta ya ɗauke ta da mari, har ɗan kunnenta ya tsinke.

"Kai ne mahaukaci, Yaya. Kashe shi za ka yi."

Ta haɗa hannu biyu ta hankaɗa shi a ƙirji iya ƙarfinta. Sharhabil ya yi baya taga-taga ya faɗa kan ubansu. Turmin ya mirgina. Kan tsohon ya daki bakin dakali, ƙum, ba wata ƙara mai yawa ba.

Can sai Malam Abdurrahim ya dafa ƙasa ya zauna, ya shafa gefen kansa, ya duba tafinsa, babu jini. "Ba komai, ba komai," ya ce. "Ku dubi abin kunya, manya da ku."

Kowa ya yi ajiyar zuciya ban da Harira. Ita hannunta bai tsaya ba. Ta ɓalle ƙahonnin, ta yage ɗankwalinta ta danne tsagar, ta sa aka tare mota. Duk hanya tana kallon idanunsa tana tambayarsa sunayen jikokinsa, shi kuma yana mata faɗan rashin kunya.

A asibiti aka tsayar da jinin bayan. Da azahar har shayi ya nema. Ta matsa a yi masa hoton kai, ana kan shiri, wajen la'asar, ya yi amai, harshensa ya karye. Ita da kanta ta haska masa tocila, ta ga baƙin idonsa na dama ya buɗe ya ƙi tsukewa. Ta ga irin wannan a idon iyayen mutane sau da dama, ta san ma'anarsa. Jini ne ya taru a cikin kai. Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa.

Unguwa ta yanke hukuncinta tun kafin a dawo daga maƙabarta: ƙaho ne ya kashe Malam. Samari suka je Kinkinau suka farfasa rumfar Audi, suka fasa masa kai da dutse. Harira tana ji, ba ta ce uffan ba. Masu zuwa gaisuwa har yaba mata suke yi, wai ai ta faɗa tun farko ba a ji ba. Duk yabon nan kamar ana zuba mata ruwan zafi take jinsa.

Bayan sadakar uku Sharhabil ya same ta a ɗakin tsohon tana tattara ragowar magunguna. Kwana uku bai ci abinci ba, ya zabge. Babban mutum mai 'ya'ya biyar, ya durƙusa a gaban ƙanwarsa yana kuka.

"Ni na kashe shi, Harira. Ki yafe mini, ko da yake ni ba zan yafe wa kaina ba."

Da a ce ta yi shiru, shi ke nan, da har abada a haka maganar za ta zauna. Likita bai yi wa kowa bayani ba sai ita. Ta ajiye kwalbar maganin da ke hannunta, ta durƙusa ita ma.

"Jinin ƙahon ya tsaya tun kafin azahar, Yaya. Ba shi ya kashe Baba ba. Faɗuwar ce, kuma ni na tura ka. Tashi ka kai ni wurin Baba Audi, in faɗa a gaban mutanen da suka jefe shi."