Sunan Yankan Kakana

Babana ya haura tamanin bai san sunan ubansa ba. Idan na faɗi haka mutane kan ɗaga gira, su ɗauka wani abin kunya ne a gidanmu, sai na tsaya yin bayani, kuma na gaji da bayanin. Auren sunna aka ɗaura, da goro da shaidu. Kakana ɗan koli ne daga wajen Masanawa ta ƙasar Kabo, yana bin kasuwanni da jakinsa, ya ga wata yarinya a Kara ta ƙasar Gwarzo ya aura, ya zauna kusa da danginta. Baba yana goye ciwo ya kwantar da mahaifin nasa, bai tashi ba. Danginsa sun zo gaisuwa, suka ce idan an yaye yaron za su dawo su ɗauka. Kawun Baba mutum ne mai zafin kai, ya ce ba inda yaro za shi. Aka yi musayar baƙaƙen maganganu, suka tafi, ba su sake waiwayowa ba.

Abin da Baba ya tashi da shi laƙabi ne kawai, sunan rana, irin wanda ake kiran duk yaron da aka haifa ran Juma'a. Da shi mutanen Kara suka san baƙon ɗan kolin, ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Da aka kai Baba makaranta sunan kawun aka rubuta masa a matsayin uba, da shi ya yi aiki har ya yi ritaya, mu ma shi muka gada a takardunmu. Mutum ɗaya ce ta san sunan tabbas, wato kakata, ita kuwa abu biyu suka ɗaure mata baki. Mace ba ta kama sunan miji, ko yana raye ko ya mutu. Sannan Baba ɗan fari ne, ba ta haɗa ido da shi balle ta zauna hira. Na tashi na same ta, na sha ganin ya shigo gaishe ta tana amsawa tana kallon bango. Haka ta koma ga Allah da sunan a cikinta.

Bayan hawan jini ya taɓa masa ɓari ɗaya ne ya kira ni, wata la'asar, a gidansa na Gwarzo. Ni sunan kakata aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba.

"Uwata," ya ce, "kullum ina cewa Allah ya jiƙan mahaifina. Allah ya san wanda nake nufi, ni ne ban sani ba. Ke da kike da boko da waya, ki nemo mini sunansa kafin na tafi."

Na ce an gama. Ni malamar makaranta ce, na saba idan na yi tambaya a ba ni amsa, kuma na ɗauka aikin hutu ɗaya ne.

Wata abokiyar aiki ta jefa ni cikin wani zauren hira na waya na masu binciken asali. A nan na fara gane na shiga uku. Malaman jami'a ne da 'yan fansho da 'yan kasuwa, kowa da salsalarsa. Wannan ya fito daga Malle, wancan daga Barno, wani ya ja nasa zaren bai tsaya ko'ina ba sai Madina. Duk zamana a zauren ban ga mutum ɗaya da ya bincika ya gano kakansa manomin gero ne ba, sai ka ce sama ce ta riƙa ciyar da ƙasar Kano. Na rubuta tambayata a fili: ɗan koli, jaki, Masanawa, Kara. Aka yi mini barka da zuwa har ta cika waya, sannan aka koma musun wanda ya fara kafa wani gari. Wani ya ba ni shawarar na tofa miyau a kwalba a aika ƙasar waje a yi gwajin asali. Na ce masa miyau ba ya faɗin suna, ya ce na cika tsiwa.

Mutum ɗaya ne ya kira ni, wani tsohon hedimasta a Kabo. Na je na same shi a ɗakin da ya cika da kwalaye, bango duk manyan takardu da ya zana bishiyoyin gidajen sarauta. Mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ba ya jin kalmar talaka. Ina faɗin labarin yana gyaɗa kai, ina gamawa ya ɗora yatsa a kan wani reshe.

"Malama, ga kakanki nan. Ɗan dagaci ne da ya yi fushi ya bar gida saboda an hana shi sarauta."

"Malam, allura da kwalli yake sayarwa."

"Ai ɓad-da-kama ne."

Na haɗiye abin da ya zo bakina don girmansa. Da ina son suna kawai, da ranar na koma da shi har da rawani. Amma Baba addu'a zai yi da shi, ba zan kai masa uban wani ba.

Duk da haka hedimasta bai yar da ni ba. Shi ya kai ni gidan wani dagaci inda aka ce akwai tsofaffin littattafan haraji. Muka yi gaisuwa mai tsawo a zaure, aka tambayi gajiya da iyali da jikin Baba da damina, ni kuwa idona na kan akwatin ƙarfen da aka ajiye a gefe. Da aka buɗe, gara ta riga mu karatu. Abin da ta rage mana, shafi bayan shafi, laƙabai ne. Sunan ranar nan na kakana ya cika ko'ina, kai ka ce mata ba sa haihuwa a Masanawa sai ran Juma'a. Ashe shi ma mai rubuta harajin abin da ake kiran mutum da shi a gari yake rubutawa. Na fito da ƙura a hijabi da ciwon kai.

Haka damina ta wuce, kaka ta wuce. Duk sanda na shiga gida Baba ba ya tambaya, kallona kawai yake yi, ni kuma na tsiri dogon labarin hanya da tsadar mota. Maganarsa ta fara nauyi. Wannan kallon ya fi damuna a kan duk wahalar da na sha.

A ƙarshe ba takarda ce ta nuna gidan ba. Hedimasta ya gaji da bishiyoyinsa, ya zauna da dattawa a ƙofar wani masallaci a Masanawa, ya tambayi gidan 'yan koli da suka taɓa rasa ɗa a ƙasar Gwarzo ya bar jinjiri. Aka nuna masa. Ya kira ni muryarsa a sanyaye, don gidan ba ko mai unguwa a cikinsa.

Maza duk sun ƙare, sai jikoki da ba su san komai ba. Amma akwai wata tsohuwa, matar ƙanin kakana, wadda aka kawo gidan shekaru bayan rasuwarsa. Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ƙaramar mace ce, ta ranƙwafa, tana ɓarar gyaɗa a faifai, hankalinta kuwa garau. Ina faɗin ko ni wace ce ta ajiye faifan.

"Jinjirin Kara yana raye?"

"Yana raye, Iya. Shi ya aiko ni."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Wai surukarta har ta mutu tana ajiye rabon yaron idan an yi yankan layya. Wai an taɓa tura mutum Kara aka koro shi. Na fito da waya na danna ɗaukar murya.

"Iya, mene ne sunansa na yanka?"

Sai ta ja mayafi ta rufe baki. "Wan mijina fa kike tambaya."

"Na sani, Iya. Ya rasu tun kafin ki zo gidan."

"Mutuwa tana cire kunya ne? Kuma sunan nan shi aka mayar wa ɗana na fari."

Na ji kamar na ɗora hannu a ka. Wan miji da ɗan fari a suna ɗaya. Na ce to a kira mini 'ya'yan ɗan farin, su ai sun san sunan ubansu. Ta ce ƙyanda ta ɗauke shi tun bai yi wayo ba, kuma ko a lokacin Baba Ƙarami ake ce masa. Na ce ta rubuta, ta ce ba ta yi allo mai nisa ba. Na ce ta raɗa wa jikarta a kunne, jikar ta faɗa mini. Ta ce raɗa ma ai da baki ake yi. Na fara jero sunayen annabawa da na sahabbai, na ce in na zo kansa ta ɗaga yatsa kawai. Ta dubi wayar da na miƙo saitin bakinta, ta dube ni.

"Kina ta watsa sunayen mutane kamar mai kiran awaki. Sunan ba naki ba ne. Mai abu ya zo."

Na fito ina huci. A zaure na sauke wa hedimasta duk abin da na tara tun daga zauren waya. Na ce wace irin al'ada ce wannan da za a girmama mutum har a shafe shi daga duniya? Mata biyu sun riƙe suna ɗaya shekara da shekaru, ɗaya ta mutu da shi, ɗayar na shirin bin ta, ɗansa kuma yana kwance yana jira. Hedimasta ya ce na yi haƙuri. Na ce haƙurin ne ya kawo mu nan.

Likita ya hana Baba tafiya, 'yan'uwana ma suka ce ba da su ba. Da na gaya wa Baba yadda muka yi da tsohuwar, sai ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa ta Idi. Ƙanena ya tuƙo mu a hankali, muna kauce wa ramuka, Baba na jingine da kafaɗata.

Muka riƙo shi har tsakar gidan. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce goshin mijinta ne sak, ta fashe da kuka. Ya gaishe ta da nauyin harshensa, ya kira ta Inna. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta. Na gyara zama kusa da su, na fito da waya, sai ta ce kowa ya ba su wuri. Na dubi Baba don ya sa baki.

"Uwata, je ki zaure."

Ni da na yi watanni ina cin ƙurar hanya, ni aka kora. Na tsaya a bakin zaure inda nake hango su ta gefen katanga, amma ba na jin kalmomi, sai amon murya. Baba yana faɗin wani abu gajere, ƙasa-ƙasa, ita tana amsawa da girgiza kai. Ya sake faɗi, ta sake girgizawa. Na gane dabarata ce dai ta jero sunaye, wadda aka ce mini kiran awaki ce. Sun jima a haka. Can ya faɗi wani, ba ta girgiza kai ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya masa baya tana fuskantar bango, daidai yadda kakata take yi. Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

A mota na kasa jira mu fita daga gari. Na riga na buɗe takardar bishiyar gidanmu da hedimasta ya zana mana, ga gurbin kakana a sama ba komai a ciki.

"Baba, mene ne sunan?"

Ya juyo ya dube ni. Fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

"Uwata, sunan ubana ne fa. Ta yaya zan kama shi gatsau a gaban 'yata?"

Na ce, "Baba, har kai?" Ƙanena ya tuntsire da dariya har motar ta karkace. Ni ban yi dariya ba. Na ce ya rubuta mini, ya nuna hannunsa da ya shanye. Na ce to zan jero ya ɗaga yatsa. Ya ce na bari ya huta, wata rana.

Ban bari ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na kawo masa hujjar cewa jikoki na da haƙƙi. Kullum sai ya yi murmushi ya ce wata rana. Ina jin bayan shekara tamanin yana jira, so yake ya ɗan riƙe abinsa shi kaɗai tukuna. Na koma Masanawa, tsohuwar ta ce ta ba mai abu abinsa, na je wurinsa. Kafin azumi ta rasu. Baba bai ga babbar salla ba.

Har yau idan na buɗe takardar nan raina yana ɓaci. A zauren waya an tambaye ni sakamakon bincike, na ce an samu. Aka ce to mene ne sunan, na fita daga zauren. Hedimasta ya ce idan na amince zai cike gurbin da ɗan dagacin nan, na ce ya bar shi yadda yake.

Abin da ya rage mini kallo ne kawai. A watannin nan na ƙarshe, idan Baba ya idar da salla a zaune ya ɗaga hannunsa mai lafiya, nakan laɓe a bakin ƙofa ina bin leɓɓansa, ko zan tsinci wani abu. Ciwon ya karkatar masa da baki, ban taɓa iya karantawa ba. Amma na san wurin. Da, idan ya ce Allah ya jiƙan mahaifina, nan take yake wucewa zuwa kan mahaifiyarsa. Yanzu sai ya ɗan tsaya, leɓɓansa su motsa sau ɗaya, a hankali, sannan ya wuce.