Dogon Yaron da Yaya Mamman Ya Dasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Mamman, malamin daji a yankin Zurmi, Allah ya jiƙansa. Kullum nakan tuna da shi cikin natsuwa, amma bana tunawar da ruɗani ta zo mini.

Aikinsa hana saran itatuwa ne, kuma ya yi shi har wasu masu gatari suka daina gaishe shi a masallaci. A lokacin hukuma cewa take matan gida su bar icce su koma risho, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ya sayo risho a Kaura Namoda ya kai wa matarsa Hassi, ya rushe murhun gidan da hannunsa. A bayan gida ya jera dogon yaro, yana ɗauko musu ruwa a garwa duk bazara.

Yau wata magana dabam nake ji a rediyo. An ce hayaƙin kananzir da fetur ke ɗumama duniya. An janye tallafin mai, an ce a koma gas. Na tambayi wani abokina da ke koyarwa a kwalejin fasaha, ya ce ai gas ɗin ma ɗan'uwan fetur ne, illarsa ce dai ba ta kai ba. Na ce to ina aka dosa? Ya ce hasken rana. Na ce shi zai tuƙa tuwon dawa na gidan mutum goma? Ya yi murmushi kawai.

Ban ce ƙarya ake yi ba. Ni ma ina noma. Na ga gero ya bushe a tsaye, na ga ruwa ya sauko lokacin da ba a nemansa ya ci gidajen 'yan'uwa a Shinkafi. Abin da na kasa ganewa shi ne a kan me ake so Hassi ta ɗora tukunya.

Kwanakin baya na je gaishe ta. Risho ya yi tsatsa a ƙarƙashin gado, tukunyar gas da ɗanta ya sayo ta daɗe babu komai a ciki. Daji ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, icce ya zama sai mai hali. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, kai ne uban gidan ga yanzu. Ina son in sa a sare guda cikin iccen yayanka. Mi ka gani?"

Na tuna halin yayana. Mamman ya taɓa cin surukinsa tara a kan gawo ɗaya, shi ne kuma bai taɓa yarda yaro ya kwana da yunwa a gidansa ba. Ban san wane Mamman daga cikin biyun zai ba ta amsa ba. Na ce a sare. Da na sake komawa, da iccen aka dafa tuwon da na ci.

Dajin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen gadinsa, yau tsoro ke gadinsa. Abin da ya rage nasa shi ne layin nan na bayan gida, wanda ya dasa don kada a sare, ga shi yana ciyar da jikokinsa. Har yanzu ban sani ba ko amanarsa na ci ko riƙe ta na yi. Hassi dai ta ce kututturen ya fara toho, ta kuma kewaye shi da ƙaya saboda awaki.