Ranar da na roƙi ruwan sama ya ɗan dakata

Shekarun baya, lokacin ina ganin duk Gaya babu wanda ya kai ni sanin ƙwallo, muka ƙulla wata yarjejeniya da abokina ɗan Gafasa. Kulob ɗina ne a saman teburi, nasa na biye da tazarar maki ɗaya, saura wasa guda a rufe kaka. Muka ce wanda ya rasa kofi zai yi wa ɗan'uwansa shuka, kuma sanye da rigar kulob ɗin da ya ci. Shukar ba ta dame ni ba. Rigar ce matsala. Gara a aske min rabin kai da a gan ni cikin rigar nan tasu.

To a shekarar ruwa ya yi jinkiri. Ranar wasan da safe aka fita roƙon ruwa a garin Balan, har da ni, amin ɗina ta fi ta kowa ƙarfi. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Kowa na murna ban da ni, don na san dish ɗin gidan kallonmu: ko yayyafi aka yi, hoto ya tafi.

Mahaifiyata ta ce, "Lafiya kake leƙen sama kana tsaki?"

Na ce, "Inna, da dai zai jira magariba."

Ta riƙe haɓa. "Oh ni. Da safe ka roƙa, da rana ka janye? Wuce ka ba ni wuri."

A gidan kallo an jera talabijin biyu, don lokaci guda ake buga wasannin. Nasu suna cin nasu wasan, mu muna ta canjaras, lokaci na ƙurewa. Abokina ya matso kunnena ya ce, "Mutumina, na wanke maka rigar, har guga na yi."

Ɗan wasanmu ya ajiye ƙwallo zai buga kwana ke nan, ruwa ya kece. Hoto ya daskare, sannan ya ɗauke. Sabis ɗin waya ma ya bi shi. Muka yi cirko-cirko. Sai ƙamshin ƙasa ya shigo. Dukanmu 'ya'yan manoma ne, wallahi ban san sanda muka fice muna tsalle cikin ruwan ba, namu da nasu.

Da hoto ya dawo, kyaftin ɗinmu ne yake ɗaga kofi. Ban ga shigar ƙwallon ba, amma na yi ihun da ya dusar min da murya.

Washegari abokina ya iso gonarmu da sungumi, rigarmu ta matse shi. Na shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya zan sha kallo. Mahaifina ya dube ni ya ce, "Shi yana sara, wa zai zuba iri ya rufe?"

Ashe mun manta shuka ba aikin mutum ɗaya ba ce. Haka na ɗauki ƙwaryar gero na bi bayansa, yana ƙara sauri da gangan yana cewa, "Zakara, ɗaga ƙafa mana."

Har yau in hadarin farko ya haɗo daɗi nake ji, kuma ban sake roƙon ya dakata ba. Kofi ya zauna can ƙasar wajen da kulob ɗin yake, ko taɓa shi ban yi ba. Geron nan kuwa, ni da abokina muka sha furarsa har wata damina.