Baƙar Tukunya a Maƙerar Baba

Ranar wata Laraba ce, saura kwana tara babbar Salla, a shekarar da aka buɗe ramin haƙar ma'adini na Akokan. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina zaune bayan zugazugi ina yi wa Baba zuga, sai ga wani mai jaki ya sauke mana wani baƙin ƙarfe mai kama da tukunya, amma ba baki ba marfi. Ya ce a jujin gidajen Turawa ya ciro shi daga bayan wani mataccen firigo, wato firiji, kuma an gaya masa akwai jan ƙarfe a ciki. Ƙananan bututu uku ne a jikinsa, mai jakin ya daddake bakinsu da dutse don kada mai ya ɓata masa mangala. Baba ya ɗaga abin, ya girgiza, ya kasa kunne, ya yi dariya. Ya ce da ni, "Ƙarfe dai ƙarfe ne, ko da na Bature. Ƙara zuga, Hajo."

Babana Idi maƙeri ne ɗan maƙeri, daga wani ƙauye na wajen Tawa. Fari ne ya koro mu Arlit, bayan ya cinye awaki, ya tafi da ƙannena maza biyu. A ƙauye, duk Salla Baba kan yi wasan wuta a bainar jama'a, ya lashi ƙarfen da ya yi ja a wuta yara na ihu, kuma kullum maganarsa ita ce, "Wuta baiwarmu ce, ba ta cin ubangijinta." A Arlit ba gona ba inuwa. Gidanmu a unguwar bukkoki yake, an haɗa shi da kwali da buhun siminti da fasasshiyar ganga. Da safe in bi layin pompo da tuluna, in share tsakar gida, in kai wa Inna gawayi, sannan in zauna zuga, tunda ba ɗa namiji da ya rage. In Baba ya tafi masallaci sai in tsere wurin ƙawayena mu yi carafke da ƙananan kusoshi, ko mu dafa tuwon ƙasa a gwangwanin sardin. Murhu da wuƙaƙe da kaskon tuya da yake ƙerawa da tsofaffin ƙarafa, su ne abincinmu.

Ran nan Baba ya binne tukunyar cikin garwashi don ta yi laushi ya sare ta da kurfi. Ba a jima ba ta fara wani siririn fito. Na ce, "Baba, tana kuka." Ya ce in je ɗaki in ɗauko babban awartaki. Ina sunkuyawa ƙofar ɗaki na ji ƙara kamar an fasa dutse a rami. Ko da na juyo, rumfar ta kama, Baba na birgima a ƙasa, mai yana ci a fuskarsa da hannuwansa. Har yau in na zo nan sai jikata mai rubuta mini ta dakata, in share hawaye. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Hannuwan sun warke, amma idanu sun tafi, sai dai ya bambance rana da duhu.

Mun yi Salla ba mu yanka ko kaza ba. Inna ta fara ɗaure kaya, ta ce mu koma gida mu zauna hannun 'yan'uwansa. Baba ya juya fuska ga bango ya ƙi abinci. Ba ciwon ne ya fi cinsa ba. Maƙerin da ya lashi wuta a gaban gari, yau a kai shi gida wuta ta makantar da shi, a riƙa ba shi tuwo don tausayi? Ya ce gara a binne shi nan cikin tsakuwa.

Ana cikin haka sai Malam Sani, wani Bakano mai gyaran firigo a bakin kasuwa, ya zo dubiya. Ya zauna ya ji yadda aka yi, ya girgiza kai. Ya ce, "Maƙeri, ai wannan ba a yi mata da wuta. Ciki ne rufaffe, ga mai ga iska. Ko kai aka toshe wa hanci da baki aka ɗora bisa garwashi, ai sai ka fashe." Baba ya ce, "Yanzu ɗan birni ne zai koya wa maƙeri ƙarfe?" Malam Sani ya ce, "A'a, ƙarfe naka ne. Iskar ce tawa." Ran nan Baba ya fara murmushi. Washegari Malam Sani ya aiko da tukwane uku da ya riga ya zuƙe musu iska, da zarton ƙarfe ɗaya. Inna ta ce, "Ɗiya mace da zarto? Wa zai kwashe ta?" Baba ya ce, "Mai son cin tuwo."

Haka muka yi, kuma haka nake yi har ƙarfina ya ƙare. Muka fita fili nesa da murhu, na ba iska baya, na ɗaure hanci da kallabi. Na yanke bakin bututun nan duka, na kife tukunyar kan tsohon kwano, muka bar ta wuni guda man ya tsiyaye. Man nan ba a shafawa, ba a zubar da shi inda awaki ke lasa, Malam Sani ake mayar wa. Baba ya laluba da yatsa ya samo ɗinkin da ya zagaye cikinta, ya ɗora hannuna a kai, ya ce nan zan bi. Ya danne ta tsakanin ƙafafunsa, ni ina ja. Da kunne yake aikin. In na karkace ya ce, "Zarton na ƙarya, daidaita." In na yi gaggawa ya ce, "Ba kura ke bin ki ba." Haƙorin zarto ya karye sau ɗaya, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Inna ta naɗe mini da tsumma tana faɗa. Sai la'asar ta kwana na biyu marfin ya ɗaga. Ga jar waya a naɗe, tana sheƙi kamar kitson amarya. Na kama hannun Baba na kai. Ya daɗe yana shafawa. Can ya ɗaga murya ya kira Inna, "Ke Rabi, kwance kayan nan. Ba inda za mu." Shekara goma sha huɗu muka yi a haka, ni ido shi kunne. Jan ƙarfe fatake su saya, ƙoƙon kuma ya zama turmin daka yaji, har Allah ya karɓi abinsa yana mai ci da hannunsa.

Na ajiye zarto da na auri Mamman, direban kamyo, babbar motar kaya, mutum mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Lokacin tawaye na biyu, sa'ad da mota ba ta fita sai da rakiyar soja, motarsa ta taka nakiya a hanyar Agadas. Ban ga gawarsa ba. Allah ya jiƙan Mamman, rashinsa bai tsufa a zuciyata ba. Ya bar ni da yara biyar. Amma a lokacin gari ya cika da baƙi masu neman aikin sababbin ramuka, firigo na shigowa ta Assamakka, tsofaffi na mutuwa, jan ƙarfe ya yi daraja. Ina fita takaba na sa aka sayo mini zarto. Ban roƙi kowa ba, ban kai yarana gidan kowa ba.

Yanzu ramin Akokan ya rufe, samari sun bazama Tchibarakaten neman zinariya. Waɗanda suka rage suna fasa tukwanen da injin mai feshin tartsatsi, ba su jira mai ya tsiyaye, wai wuni guda ya yi yawa. Ina kan tabarmata a ƙofar gida nake kiran su, "Kai ɗana, ka kife ta tukuna?" Wasu su yi dariya su wuce, wasu su dawo su tsuguna in nuna musu ɗinkin da yatsa. Idanu biyu aka bayar kafin sanin nan ya shigo gidanmu, ba zan yarda a sake sayensa da tsada haka ba.